Yayana Mai Ɓeraye

Ni dai tun ina yarinya ba na ƙaunar ɓera. Ko a hoto na gan shi sai tsigar jikina ta tashi, musamman jelar nan tasa marar gashi da yake ja a ƙasa kamar tana. Sai ga shi Allah ya haɗa ni da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen kwashe wa ɓeraye kashi. In ka tambaye shi inda yake aiki sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Cibiyar bincike." Yadda yake faɗa sai ka rantse shi ne mai binciken.

Ba raina shi nake yi ba. Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni koyon ɗinki, kuma keken da nake takawa har yau a kansa ya ɗauko shi daga tasha zuwa ƙofar shagona. Mutum ne mai tsafta, mai kunya, ba ya zagi, ba ya faɗa da maƙwabta. Shi ya sa abin da zan faɗa a kansa yake ci mini rai. Da mugu ne da tuni na huta.

Kafin ɓeraye, gareji ne. Yana ɗan tasowa, muryarsa ba ta gama buɗewa ba, aka kai shi wurin wani bakanike da kowa ke kira Oga. A can yake wuni, a can yake kwana, cikin wata matacciyar mota da aka ɗora a kan duwatsu. Ranar da ya fara zuwa Oga ya zane shi da bel ɗin inji a gaban sauran yara, wai ya miƙo sifanar da ba ita aka ce ba. Yaya da bakinsa yake ba da labarin yana murmushi, ya ce daga ranar Oga bai ƙara taɓa shi ba sai jefi-jefi. Oga ba ya ma bukatar dukan. Yana da tarin makullai a ƙugu, in ya taho suna kaɗawa, kafin ya iso kowa ya shiga taitayinsa.

"Da ba don Oga ba da ban zama mutum ba," haka yake cewa. To, mutumin da aka zama ga shi nan ina gani. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai ka gan shi tsaye yana waige-waige. Maganin gyambon ciki ba ya rabuwa da aljihun rigarsa. In wani babba ya yi masa tsawa, ko da laifinsa ko babu, sai fuskarsa ta mutu, ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya dawo gida ya kasa cin abinci.

Aikin cibiyar ma ta hanyar gareji ya same shi. Ya je gyara musu mota, ya tarar suna neman mai wanke keji, don duk wanda suka ɗauka wari ke korarsa. Yaya ya shiga ya shaƙa, ya ce ai wannan ba komai ba ne. Daga wanki ya koma zuba abinci da canja garin katakon da ake shimfiɗa wa ɓerayen, daga nan aka ga hannunsa ba ya rawa aka koya masa kamu. Tun lokacin ya yi sallama da turare. Ko sabulu mai ƙamshi ba ya taɓawa, wai baƙon ƙamshi yana tayar musu da hankali. Su kuwa ba su yi masa wannan karar ba. Warin fitsarinsu ya kama masa kaya, ya kama gashin kansa, wani wari mai nauyi da ke maƙalewa a maƙogwaro. In ya kawo mini rigar aikinsa gyara, da bakin almakashi nake ɗaga ta.

Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, bai ƙara aure ba. Yarinyar ta tashi tsakanin ɗakinsa da shagona, kuma tun tana 'yar ficiciya muka sa mata Rediyo. Bakinta ba ya hutawa. In mai kawo ɗinki ta fita daga shago, kafin ta kai bakin titi Rediyo ta ɗauke muryarta da tafiyarta, har da yadda take tsuke ciki in ana gwada ta. Komai sai ta ce me ya sa. Ubanta ya dawo a gajiye, ta tare shi a ƙofa ta toshe hanci ta ce, "Baba, yau wanne ne ya yi maka fitsari?" Shi da ba ya dariya, ita kaɗai ke sa shi ya yi har a ga haƙoransa.

Da ta ci jarrabawar makarantar kwana, Yaya kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Ni na ɗinka mata kayan makaranta, na sakar musu tsawo don na san za ta miƙe. Muka raka ta tasha, mota ba ta tashi ba har ta san sunan 'ya'yan direba.

Hutun farko ta dawo magana ta ragu, na ce gajiya ce. Hutu na biyu ta zauna a shagona wuni guda, hannu a cinya, in ban da "Sannu da aiki, Gwaggo" ban ji komai daga bakinta ba. Can almakashi ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti. Sai na ga yarinya ta miƙe zumbur, ta tsaya ƙyam, ido a ƙasa, kamar mai jiran a aike ta. Da na gaya wa Yaya sai ya ce, "Ai girma ne. Ta nutsu."

Wata mai kawo mini ɗinki ce ta fasa ƙwan. 'Yarta ɗakin kwanansu ɗaya da tamu. Ina gwada mata kafaɗa ta hango Rediyo tana shara a waje, sai ta rage murya.

"Ke Tela, ashe yarinyar nan taku ce? Ai 'yata ta ce tausayi take ba kowa."

"Tausayin me?"

"Au, ba ku sani ba? Farkon zuwansu wata siniya 'yar babban aji, ƙatuwa haka, ta ji ta tana kwaikwayon muryarta a wurin ɗiban ruwa. Sai ta tara 'yan ɗaki, ta mare ta, ta sa ta kwanta rigingine a ƙasa, ta ɗora mata ƙafa a ciki har sai da ta daina kuka. Sau ɗaya ne fa. Daga nan ta sa aka mayar da ita gadon da ke ƙarƙashin nata, kin san irin mai hawa biyun nan. Yanzu ba ta dukanta. Cokali kawai take ƙwanƙwasawa a ƙarfen gado, ki ga yarinya ta miƙe."

"Malamai fa?"

"An duba, ba a ga komai a jikinta ba. Aka tambaye ta, ta ce lafiya lau."

Ban gama gwajin ba na rufe shago. Na tarar da Yaya ya dawo daga aiki yana cire takalmi, na zayyana masa komai. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama sai ya tashi ya ɗauki buta da sabulunsa marar ƙamshi, ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya goge, sannan ya kira ta.

Ya ɗaga hannuwanta ya juya su ciki da baya. Ya buɗe tsakanin yatsunta. Ya duba bayan kunne, ya duba ƙeya, ya ratsa gashinta da ɗan yatsa yana laluben kumburi. Ya ce ta taka zuwa ƙofa ta dawo, yana kallon ko tana ɗingishi. Sannan ya jawo sikeli daga ƙarƙashin gado ya ce ta hau. Duk a hankali yake yi, da taushin hannu, ko ma'aikaciyar jinya albarka. Ita kuwa ta saki jiki yana juya ta yadda ya ga dama, ba ta tambayi me ya sa ba.

"Babu rauni," ya ce. "Ba ta rame ba, ta ma ɗan ƙaru. Ke, ana dukanki?"

"A'a, Baba."

"To kin ji."

Na jira ta fita na ce, "Yaya, 'yarka ce fa, ba akuyar sayarwa ba."

"In da akwai jini, da ƙafata zan je in ɗauko ta. Babu jini. Mu ba haka muka tashi ba? Me ya same mu?"

Na kalli aljihunsa inda kwalin magani ya leƙo, na haɗiye maganar. Ya ce hutu na ƙarewa za ta koma, kuma kada in ƙara tayar da zancen a gabanta in lalata ta. Daga ranar ya fara wasan ɓuya da ni. In na je da safe an ce ya fita, in na je da yamma an ce bai dawo ba. Hutu kuwa yana ta cinyewa.

Abin da ya manta shi ne tun kafin wannan rigimar ya ba da sunana a wurin aikinsu. Shugabar ɗakin ɓerayen, wadda suke kira Dakta, tana neman tela da zai ɗinka musu labule mai kauri, shi kuma ya ce ai ƙanwarsa tela ce. Da aka aiko a ce in zo in gwada tagogi, na ce ina zuwa. Ko ramin ɓeran ne zan shiga in dai zan ritsa shi.

Aka ce kada in sa turare, ban sa ba. A ƙofa aka ba ni wata doguwar riga, da hula, da takunkumi, da wata leda da ake sa wa takalmi. Duk wannan shirin ba don a kare ni daga ɓeraye ba ne, don a kare su daga ni ne, ka ji rainin wayo. Tun daga baranda warin ya ratsa takunkumin ya same ni. Wanda nake ji a rigar Yaya ashe ɗan tsakure ne.

Rana tsaka ce a waje, amma ɗakin duhu, sai wani jan ƙwan fitila a sama. Wai sun juya wa ɓerayen rana ta koma dare, don su a duhu suke harkokinsu, hasken da ke satar shiga ta gefen taga kuma shi ne labulena zai toshe. Kantoci ne daga ƙasa har sama, kowanne jere da keji. Ko'ina motsi, ko'ina ƙaras-ƙaras na haƙora. Na zare tef ina gwada taga, ina roƙon Allah kada wani abu ya taɓa mini ƙafa.

Yaya yana ciki. Ya gan ni ya sha mur, amma da yake a fadarsa yake bai iya daurewa ba, sai da ya fara nuna mini. Ban taɓa ganinsa haka ba. Kafaɗarsa ta miƙe, muryarsa ta buɗe.

"Waɗannan su ne masu gida," ya ce, yana nuna wasu ƙatti, kowanne shi kaɗai a kejinsa. Tsofaffin maza ne da suka gama haihuwa, aka bar su su kaɗai har kowa ya ɗauki kejinsa gidan ubansa. Yaya ne yake zaɓo su. Yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, mai sanyin hali a mayar da shi, mai saurin kai hari a ajiye. Ya tsaya gaban wani mai kunne a yage, jelarsa kaurin babban yatsana.

"Wannan shi ne Oga. Bai taɓa ba ni kunya ba."

Na dube shi in ga ko ya ji abin da ya faɗa. Ko a jikinsa.

A ɗaya gefen akwai waɗanda yake kira baƙi. Ƙanana ne, an yaye su amma ba su balaga ba. Waɗanda ba a fara da su ba suna tare a babban keji, suna kokawa, suna hawa kan juna, wannan ya ja jelar wancan ya gudu. Ni da ba na son ɓera sai da na ce a raina, yara dai duk halinsu ɗaya. Waɗanda aka riga aka fara da su kuwa kowanne yana maƙure a kusurwa, a cikin kejin wani mai gida, da ragar ƙarfe a tsakaninsu.

Yaya ya sa safar hannu, ya ɗauko ɗaya daga bayan raga. Ya juya ƙafafunsa ciki da baya. Ya buɗe tsakanin yatsunsa. Ya duba bayan kunne, ya duba ƙeya, ya ratsa gashinsa da ɗan yatsa. Ya ajiye shi a kan tebur ya ɗan taka, yana kallon ko yana ɗingishi. Ya ɗora shi a kan sikeli. Ko tsarin bai canja ba, abin da ya fara da shi a jikin 'yarsa da shi ya fara a nan.

"Babu rauni," ya ce. Ya buɗe kejin Oga ya sa shi.

Ba a daɗe ba. Ƙaramin ya tsaya yana shinshina garin katako, Oga ya kumbura, gashinsa ya miƙe, ya taho a karkace ya danne shi. Wata 'yar ƙara ta fita, siririya, wadda har yau in keke ya yi tsatsa ya yi irinta sai na dakata. Suka birgima, ƙaramin ya kuɓuce, aka sake danne shi. Sai ya kwanta rigingine, ƙafafu a sama, ya sandare. Nan take Yaya ya raba su, ya zura raga a tsakani.

"Shi ke nan an gama?" na ce.

"Yanzu ma aka fara. Ai dukan ba shi ne aikin ba, ragar ce. A nan zai wuni, a nan zai kwana. Yana ganinsa, yana jin warinsa, amma ba za a taɓa shi ba. Gobe a kai shi wurin wani."

Da fahariya ya faɗa, kamar mai koya mini yadda ake yanka wuyan riga.

Ana haka Dakta ta shigo. 'Yar siririyar mace ce, da alamar gajiya a idonta, ta gaishe ni da mutunci ta tambayi ko tagogin za su yi wuya. Na ce tagogi ba su da matsala, amma don Allah me ake nema da wannan azabar? Ba ta ji haushi ba. Na lura ma ita kanta ba ta son kallon kejin Oga.

"Lokacin tasowa muke dubawa," ta ce. "In an firgita, jiki yana zuba wani sinadari a cikin jini, ya ba ki ƙarfin gudu ko faɗa. In hatsari ya wuce sai ya sauka." Ta faɗi sunansa, ya fi ƙarfin bakina. "Waɗannan in an gama da su sai mu mayar da su wuri mai kyau, ga abinci, ga ruwa, babu mai taɓa su har su girma. Sannan mu ɗan matse su a cikin bututu na ɗan lokaci, mu ɗauki jini a jela mu auna. A namu dai, wasu sinadarin yana hawa ya ƙi sauka. An daɗe da sakinsu amma jikinsu bai samu labari ba. Wasu kuma ba ya ma tashi sosai, kamar jikin ya gaji da amsawa."

"In an gan su a keji ana gane su?"

"Da wuya. Sumul za ki gan su, gashi na sheƙi. Sai dai ba su cika zuwa kusa da 'yan'uwansu ba. Ɓera ba mutum ba ne fa, kada ki ɗauki maganata ki yi gaba da ita. Amma gaskiya ba don ɓeraye muke yi ba."

Yaya yana gefe yana kwashe jiƙaƙƙen garin katako a bokiti. Na ɗaga murya yadda zai ji.

"Dakta, wanda aka duba ba a ga rauni ba, ya tsira ke nan?"

"A'a, ai wanda aka ji wa ciwo shi ne ya tsira. Cire shi muke yi, a yi masa magani, ba ya komawa, don ciwo yana ɓata mana gwajin. Yayan naki yana duba su ne mu san waɗanda za a iya mayarwa."

Ƙarar kwasar ta tsaya. A jan hasken nan ban ga fuskarsa ba, na dai ga hannunsa ya tsaya a sama da abin kwasa, garin yana zubewa a kan takalminsa. Ya san wannan tun kafin a haifi 'yarsa. Shi yake cire masu ciwon, shi yake riƙe jela a ɗiga jinin. Bai dai taɓa jin an faɗa a gaban wadda ta ga abin da ya yi a ɗakinsa ba.

Na naɗe tef na fita, ya biyo ni baranda.

"Ka ji ko?" na ce. "Duban da ka yi mata ke nan. Ba duba lafiyarta ka yi ba, duba ka yi ko za a iya mayar da ita."

"Tela, nan wurin aiki ne."

"Har hannu ka wanke, Yaya. Ka wanke hannu kafin ka taɓa ta."

Na yaye musu rigarsu da hularsu na jefar a kwando, ina kaiwa bakin ƙofar waje amai ya ƙwace mini a gindin wata fulawa. Mai gadi ya kawo mini ruwa yana cewa ai duk baƙo haka yake yi, warin ne. Na bar shi a kan warin ne. Labulen na ɗinka na aika musu, ban sake taka wurin ba. Shi kuwa har yau yana can, yana zaɓen masu gida.

Ana gobe za a koma makaranta, da rana, sai ga shi a ƙofar shagona. Bai shigo ba. Idonsa ya faɗa, kamar wanda ya yi jinya.

"Taso ki raka ni," ya ce. "Ban san yadda zan faɗa mata ba."

"Ka faɗa mata me?"

"Na je makarantar jeka-ka-dawo ta bayan kasuwa. Sun ce in kawo ta."

Ban yi masa godiya ba, ban kuma yi masa gori ba. Na tsayar da keke na bi shi. A hanya yana ta maimaita yadda zai ce, kamar ɗan makaranta mai hadda. Har ya tsaya ya sayi lemon kwalba mai sanyi, wai a sha a yi murna. Ni ma, in faɗi gaskiya, na sa rai. Na ɗauka za ta yi tsalle, ko ta yi kuka, ko ta rungume shi.

Muka tarar da ita a tsakar ɗaki, ta shimfiɗa bargo a ƙasa ta durƙusa tana guga. Akwatinta a buɗe, kaya a ninke a gefe, an jera su kamar na kanti. Idon tela ba ya ƙarya. Rigar da ke ƙarƙashin dutsen gugar ba ɗinkina ba ce, kuma biyun yarinyar za su shiga ciki su juya.

"Ke, wannan rigar ta wa ce?"

"Ta Siniya ce, Gwaggo."

Na tsuguna na ɗaga kayan. Riguna, siket, zanin gado, safa. A ƙasa har da kamfai, manya, tsofaffi, robarsu ta saki, da tabon da wanki bai fitar ba duk da an dirje su har sun yi fari-fari. Tun daga makaranta ta ɗauko su a akwatinta, ta ɓoye su duk tsawon hutun, ta wanke su da hannunta a bayan idonmu. Na taɓa ƙazanta iri-iri a sana'ata, amma ban taɓa jin ƙyama irin ta ranar ba. Ƙyamar Siniyar da ta ba ta kayan, da makarantar da ta duba ba ta ga komai ba, da wana da ke tsaye a bayana riƙe da lemo.

Ya ajiye kwalaben. Duk haddar da ya yi a hanya ta gudu.

"Ba za ki koma ba," ya ce. "Na samar miki wata makarantar a nan. A gida za ki riƙa kwana."

"To, Baba."

Ta juya rigar ta kama gugar ɗaya hannun.

"Kin ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji, Baba."

"Ba za ki ƙara ganinta ba. Har abada."

Ta ɗaga dutsen ta tsayar da shi a kan gindinsa. Na ce yanzu abin zai shige ta. Ta dubi kayan da ke ninke, ta dube shi, a karo na farko tun da ta dawo ta kalli idonsa.

"To wa zai kai mata kayan? Gobe take jira."

Yaya ya sunkuya zai tattara su, ina jin waje zai watsar. Sai ta cafke masa hannu. Yarinyar da aka juya ta kamar tsumma ba ta motsa ba, yau ta riƙe hannun ubanta da ƙarfin da ya sa ya dube ta.

"Baba, don Allah kada ka yamutsa. Tana ganewa."

Ya saki. Ya zauna daɓas a ƙasa kusa da bargon, ƙato da shi, furfura a kai.

"In na kai mata da kaina fa?" ya ce a hankali.

Ta yi tunani sosai kafin ta amsa.

"Sai dai ka ce mata ba ni da lafiya. Kada ka ce ni na ce ba zan zo ba."

Ta ɗauko wata rigar ta shimfiɗa, ta yayyafa mata ruwa da yatsu, ta gyara wuyan. Mu biyu, manya, muna nan muna kallo, babu wanda ya iya karɓe dutsen daga hannunta har ta gama.